Ina Zan Samu Labaran Da Ba Sa Yi Wa Manyan Ƙasashe Fadanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Na gaji da jin labarin Nijar da Gaza da bashin Najeriya ta bakin gidajen rediyon Turawa. Ina son kafafen da ke tare da talaka, masu adawa da mulkin mallaka, amma masu inganci, ba soki-burutsun TikTok ba. Da yake kun daɗe a aikin jarida, waɗanne za ku ba ni shawara in riƙa bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Sunaye za su zo, tunda su ka nema, amma ka yi haƙuri mu fara da wanda ke biyan albashi. A zaman da na yi a teburin labaran ƙetare ban ga abin da ke juya alƙalamin ɗan jarida kamar wannan ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duk manyan sassan Hausa da muka tashi da su a kunne, ko dai na gwamnati ne ko da kuɗin gwamnati a ciki. BBC Hausa ta fara a 1957, tun Turawa ba su miƙa mulki ba, kuma har zuwa 2014 Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ce ke ɗaukar nauyin sashen BBC na ƙetare. Yanzu kuɗin lasisin talabijin da mutanen ƙasar ke biya ne ke riƙe da shi, gwamnati na ƙarawa. Muryar Amurka majalisar dokokin Amurka ke ware mata kuɗi, kuma kowa ya ga ma'anar hakan a watan Maris na 2025, lokacin da Donald Trump ya sa hannu a takarda ɗaya aka tura ma'aikata hutun dole, shirye-shirye suka tsaya cak. DW ta Jamus ce, RFI ta Faransa. Ta ɗaya gefen ga CRI ta Sin, ga sashen Hausa na rediyon Iran, ga TRT Afrika ta Turkiyya da ta shigo a 2023. Babu wadda aka buɗe don Allah da Annabi.

Kada ka ɗauka ina cewa ma'aikatansu maƙaryata ne. 'Ya'yanmu ne, da yawansu ƙwararru, kuma a labarin cikin gida sau da yawa sun fi gidajen rediyon jihohi ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Ba a kiran ɗan jarida ofis a ce masa je ka yi ƙarya. Abin ya fi haka laushi: wane labari zai hau kan gaba, wane masani za a buga wa waya, wace tambaya ce ba za ta ma faɗo wa kowa a rai ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, an yi ta tambayar masu sharhi ko gwamnati za ta iya jure matsin lamba. Ba kasafai aka tambayi su wa suka daɗe suna ba da wannan shawara ba, ko me irinta ta haifar a zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, daga 1986. Ka ƙara da cewa yawancin labaran ƙetare a jaridunmu na gida daga kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AFP da AP aka kwaso su, kanu kawai aka sauya. Labarin Yamai, da ke nan maƙwabta, sai ya je Paris ya dawo kafin ya iso Jos.

Saboda haka zarginka yana da tushe. Manyan jaridun Amurka sun taya gwamnatinsu tallata batun makaman ƙare dangi na Iraƙi kafin mamayar 2003, har New York Times ta fito a 2004 ta amsa cewa rahotanninta sun yi rauni. A kan Libiya kuma, wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya da kansa ya ce a 2016 an zuzuta barazanar da aka kafa hujja da ita wajen kai harin 2011. Mu da ke maƙwabtaka da Sahel mun san inda makaman Libiya suka kwarara bayan nan.

To a nan ne matasa da yawa ke zamewa. Mutum ya gane BBC na da ubangida, sai ya tattara komatsansa ya koma RT ta Rasha ko Press TV ta Iran ko CGTN ta Sin, ya ce ya farka. Ubangida kawai ya sauya. Ka tuna zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, yadda yara suka fito a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Yunwarsu gaskiya ce, fushinsu ma gaskiya ne, amma Rasha ba ta taɓa rage musu kuɗin kwanon masara ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kuma shi ne abin da na fi so ka riƙe daga duk wannan amsa. Ƙauyuka biyu ne a tsakiyar Mali. Ranar 3 ga Janairu 2021 jiragen yaƙin Faransa suka jefa bama-bamai kusa da ƙauyen Bounti. Faransa ta ce 'yan ta'adda ta kashe. Binciken rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali ya ce taron ɗaurin aure ne, kuma 19 daga cikin waɗanda suka mutu fararen hula ne. Faransa ta yi watsi da rahoton. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, a ƙarshen Maris 2022, sojojin Mali tare da mayaƙa fararen fata, waɗanda shaidu da masu bincike suka danganta da Wagner ta Rasha, suka yi wa garin Moura ƙawanya ranar kasuwa, suka kwashe kwanaki a ciki. Gwamnatin sojan Mali ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Mayun 2023 an kashe aƙalla mutum 500, yawancinsu ba sa ɗauke da makami. Duk kafar da aka yaba maka, shiga akwatin bincikenta ka rubuta Bounti, sannan ka rubuta Moura. Wadda ta yi kururuwa a kan ɗaya ta yi gum a kan ɗaya, ko ta tsaya wanke wanda ya yi kisan, ka san wa take wa aiki. Makiyayin da aka kashe bai damu da launin tutar jirgin ba. Wannan gwaji yana aiki a ko'ina: Gaza da Sudan, Iraƙi da Yukren, Falasɗinawa da Musulmin Uigur na Sin.

Da wannan ma'auni a hannu, ga waɗanda nake leƙawa.

A kan sojojin Amurka a Afirka, The Intercept ta yi aikin da jaridunmu ba su yi ba. An kafa ta a 2014, kuma wakilinta Nick Turse ya daɗe yana bin diddigin rundunar AFRICOM: sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez da ya ci sama da dala miliyan 100, da jerin hafsoshin da Amurka ta horar waɗanda daga baya suka yi juyin mulki a Afirka ta Yamma. Abin da ya sa nake girmama aikinsa shi ne yana neman takardun gwamnati ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, ya nuna maka takardar. Amma ka sani da kuɗin attajiri Pierre Omidyar, wanda ya kafa kamfanin eBay, aka fara ta. Biyu daga cikin manyanta, Jeremy Scahill da Ryan Grim, sun fice a 2024 sun kafa Drop Site News, wadda ta fi ba da ƙarfi a kan Gaza. Democracy Now!, shirin Amy Goodman da ya fara a 1996, ba ya karɓar tallan kamfanoni, kuma ga mai ƙarancin data yana da wani alheri: suna sa rubutaccen kwafin hirarrakinsu a shafinsu, ka karanta ba sai ka kalli bidiyo ba.

A kan Birtaniya, Declassified UK, da Mark Curtis da Matt Kennard suka kafa a 2019. Suna tono tsofaffin takardun sirri da aka saki, kuma sun taɓa rubutu a kan rawar da Birtaniya ta taka a yaƙin basasarmu da yadda man fetur ya shiga lissafinta. Idan kana jin Faransanci, ko kana da aboki ɗan Nijar da zai taya ka, Mediapart tana rayuwa ne da kuɗin masu karatunta. Ita ta fallasa a 2012 zargin cewa kuɗin Gaddafi sun shiga yaƙin neman zaɓen shugaban Faransa Nicolas Sarkozy, aka yi ta yi mata dariya, sai ga shi a 2025 kotu a Paris ta yanke wa tsohon shugaban hukuncin ɗauri a shari'ar da ta taso daga wannan batu. A kan Falasɗinu, mujallar +972, wadda 'yan jaridar Isra'ila da Falasɗinawa ke yi tare, ita ta bankaɗo a Afrilun 2024 yadda sojojin Isra'ila ke amfani da wata manhaja mai suna Lavender wajen zaɓo mutanen da za a kai wa hari. Al Jazeera ta yi aiki mai girma a Gaza, ma'aikatanta sun ba da rayukansu, amma kuɗinta daga masarautar Qatar yake fitowa, don haka kada ka nemi labarin Qatar a wurinta.

Waɗannan duka baƙi ne. Na Afirka su na fi so ka saba da su. Review of African Political Economy, da aka fi sani da ROAPE, tun 1974 take, kuma shafinta na intanet kyauta ne. Ba labarin yau da gobe take bayarwa ba, bayani take yi: me ya sa bashi ke ƙaruwa, wa ke cin ribar zinari da yuraniyam, me ya kashe masaƙu. Africa Is a Country, da Sean Jacobs ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2009, tana da marubuta 'yan Najeriya, kuma ba ta jin nauyin sukar shugabannin da ke ɗaga tutar adawa da Turawa alhali suna danne mutanensu. The Continent kuwa jarida ce ta mako-mako da ta fara a 2020, an tsara ta daidai fuskar waya, tana zuwa maka ta WhatsApp kyauta. Ba ta kiran kanta ta gurguzu, amma 'yan Afirka ne ke rubuta labarin ƙasashensu a cikinta, kuma wannan kaɗai ya rage maka rabin matsalar. Ga mai son nazari mai zurfi akwai Monthly Review ta Amurka, tun 1949, da Le Monde diplomatique wadda ke da bugun Ingilishi. Jacobin tana da daɗin karatu, sai dai hankalinta yana kan siyasar Amurka da Turai.

Akwai waɗanda nake karantawa da taka-tsantsan. Cibiyar Tricontinental ta Vijay Prashad tana fitar da nazari mai amfani a kan bashi da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, ba na musu. Amma a Agustan 2023 New York Times ta danganta ta da wasu kafafe da kuɗin wani attajiri Ba'amurke mazaunin Shanghai, Neville Roy Singham, wanda ya musanta cewa yana yi wa gwamnatin Sin aiki. Ko ka yarda da rahoton ko ba ka yarda ba, ka duba da kanka sau nawa suke taɓa Sin. The Grayzone kuwa ba na ba ɗalibi shawarar ya dogara da ita. Ta shahara da kare gwamnatin Assad ta Siriya da ƙaryata rahotannin abin da ake yi wa Uigur, kuma a wurina ta faɗi gwajin da na ba ka.

Bidiyoyin Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso da ke yawo a wayoyi sun cancanci magana ta musamman, don na ga yadda ake miƙa waya hannu zuwa hannu a teburin mai shayi a Bauchi Road, kowa na gyaɗa kai. Wani bidiyon sai ka ga fitaccen mawaƙin Amurka yana rera yabonsa, wani kuma rukunin gidaje ne da aka ce ya gina wa talakawa kyauta. Masu tantance labarai sun nuna da yawansu na'ura ce ta haɗa su, ko an ɗauko hoton daga wata ƙasa. Ka zuba wa leɓen mai magana ido, za ka ga ba ya tafiya daidai da muryar, kuma ba za ka taɓa samun sunan unguwar da aka gina gidajen ba. Na fahimci abin da ke jan matasa. Mutum ne matashi da ya kori sojojin Faransa, yana tuna wa mutane Thomas Sankara da aka kashe a 1987. Amma a ƙarƙashin wannan gwamnatin aka kama 'yan jarida uku a Maris 2025, daga baya aka gan su a bidiyo cikin kakin soja an tura su fagen daga. Ƙasar Norbert Zongo ke nan, ɗan jaridar da aka kashe a 1998 saboda bincikensa. Idan ɗan jaridar Wagadugu ba zai iya rubuta abin da ya gani ba, to daga ina labaran daɗin nan suke fitowa?

Wani abin da zai ba ka mamaki: kada ka daina karanta manyan jaridun da kake zargi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, jaridar Washington Post ce ta fallasa shi ga duniya a ƙarshen 2000. Maganar da wata babbar jami'ar Shell ta faɗa wa jakadiyar Amurka, cewa kamfanin yana da mutanensa a duk ma'aikatun Najeriya da suka shafe shi, ta fito ne daga takardun WikiLeaks da Guardian ta Landan ta buga a Disamban 2010. Suna da kuɗin tura wakili ya yi wata shida a kan labari ɗaya, abin da ƙananan kafafe ba su da shi. Dabarar ita ce ka ɗebi bayanin ka bar musu fassarar. Jaridun 'yan kasuwa irin Financial Times ma sukan fi faɗin gaskiya tsirara, domin masu zuba jari ke karanta su, kuma mai kuɗi ba ya son a yi masa ƙarya a kan kuɗinsa.

A gida fa? A nan ne abin ke ba ni takaici. Arewa tana da tarihin wannan ra'ayi tun kafa NEPU a Kano a 1950 da gwagwarmayar Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur. Gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP ta kafa kamfanin jaridun Triumph a 1980. A shekarun 1980 mutanen Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello sun fitar da mujallar The Analyst da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila, suna kiran sunayen manya suna kawo lambobi. Yau da ka tambaye ni kafa ɗaya ta Hausa mai wannan aƙida da wannan inganci, sai in ce maka gurbin yana nan a buɗe. Abin da muke da shi su ne masu binciken ƙwaƙwaf: Premium Times, HumAngle da Ahmad Salkida ya kafa a Abuja a 2020 wadda ta ƙware a kan rikicin Arewa maso Gabas, WikkiTimes ta Bauchi, ICIR, da FIJ. Aikinsu na da kyau a kan satar kuɗin jama'a da zaluncin jami'an tsaro. Sai dai yawancin irin wannan aiki a Najeriya da tallafin gidauniyoyin ƙetare ake yin sa, irin su MacArthur ta Amurka, shi ya sa za ka ga an fi bin shugaban ƙaramar hukumar da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse fiye da sharuɗɗan bashin Bankin Duniya. Ba na ganin laifinsu sosai. Mai karatu ɗan Najeriya ba ya son biyan kuɗin labari, talla kuma tana hannun gwamnoni da bankuna.

Kuma ƙin Turawa shi kansa yana iya rufe wa mutum ido. A Yulin 2024 Daily Trust, jaridar da nake girmamawa, ta buga cewa yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai ta ƙunshi amincewa da auren jinsi. Gari ya ɗauka, aka yi huɗubobi. Hukumar sauraron ƙorafi a kan kafafen yaɗa labarai ta duba ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa. A duk wannan hayaniya mutum nawa ne suka buɗe yarjejeniyar suka duba abin da ta ce a kan ciniki da ma'adinai da mayar da 'yan ci-rani, inda ainihin abin tambaya yake?

Tunda a Jos kake, ba sai ka je Agadez ba kafin ka ga abin da kake nema. Hau mota zuwa Bukuru ko Barikin Ladi ka dubi tafkunan nan da tulin jar ƙasa da ke gefensu. Ramukan kuza ne da kamfanonin Ingila suka haƙa suka tafi suka bari. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawa sun koma ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa suna kawo su haƙar kuza cikin sanyin Filato, da yawa ba su koma gida ba. Yanzu kuma ka gangara Nasarawa, inda ake rububin litiyam, aka kuma buɗe masana'antar sarrafa shi ta 'yan Sin a 2024. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin AP ya ba da rahoton ƙananan yara da ke aiki a ramukan haƙarsa a jihar. Wa ke da lasisi, wa ke saye, nawa ake biyan mai tsince dutsen, nawa ake sayarwa a waje? Babu wata kafa a New York ko Moscow da za ta amsa maka wannan.

Wani ɓangare na amsar yana cikin takardun da kowa zai iya saukewa kyauta. Hukumar NEITI tana wallafa rahoton abin da kamfanonin mai da ma'adinai suka biya gwamnati. Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa, DMO, yana fitar da jerin waɗanda Najeriya ke riƙe wa bashi duk wata uku, kuma za ka ga Bankin Duniya ya fi Sin bin mu kuɗi da tazara mai yawa, saɓanin abin da ake faɗa a majalisun hira. Bashin dala biliyan 2.25 da Bankin Duniya ya amince da shi a Yunin 2024, takardunsa suna shafin bankin, har da matakan da aka ɗaura shi a kansu. Turancinsu yana da nauyi, gaskiya ne. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya daga sashen tattalin arziki, ku ɗauki takarda ɗaya ku warware ta, sannan ku rubuta abin da kuka gano da Hausa a shafi biyu, ku sa lambar shafin da kuka ɗauko kowace magana.

Ga mai farawa, kada ka tara kafafe ashirin a waya ka kasa karanta ko ɗaya. Ka ci gaba da jin BBC ko DW da safe don sanin abin da ya faru, ka karɓi The Continent a ƙarshen mako, ka karanta maƙala ɗaya ta ROAPE ko Africa Is a Country a sati, sannan idan babban labari ya ɓarke ka leƙa The Intercept ko Declassified UK ka ga abin da aka bari a baya. Bidiyon da aka turo maka kuma, kafin ka tura wa wani, ka duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun tantance shi.